Akwati, Gana-mas-go ko jakar goyo: wanne za ka jawo idan tafiya ta zo a ƙurarren lokaci?

Ƙaramar Sallah ba ta cika ba mutum sararin shiri ba. Sai an ga wata, fadar Sarkin Musulmi ta sanar da daddare, sannan wanda ke Abuja ko Legas yake tabbatar da cewa gobe ce. Ko hutun da aka san ranarsa tun tuni, irin na ƙarshen shekara ko na zangon makaranta, abin da ke faruwa a gidajenmu kusan ɗaya ne. Albashi ya makara, tela ya kawo ɗinki bayan isha'i, mai wanki da guga bai gama ba sai da aka tsaya a kansa, direba kuma ya ce da an sallame asuba zai ɗaga. Abin da ya rage awa ɗaya ce ko biyu, ga kaya zube a kan gado.

A irin wannan lokaci kowa hankalinsa na kan abin da zai saka. Ni kuwa ina ganin tambayar farko ita ce a cikin me za a saka, domin jakar da ka jawo ita za ta yanke sauran hukuncin: yawan kayan da za ka ɗiba, yadda za su isa, abin da za a caje ka a tasha, da ko hannunka zai samu sukunin riƙe yaro. Yawancin gidaje ba sa rasa abu uku: Gana-mas-go a ninke a ƙarƙashin katifa, akwati mai taya a saman durowa, da jakar goyo ta wani ɗan makaranta ko ta kwamfutar maigida.

Hannun mai sauri kan Gana-mas-go yake fara sauka, kuma ba a ga laifinsa ba. Bakinta a wangale yake, ba sai ka iya ninki ba, zubawa kawai kake yi. Ita kanta ba ta da wani nauyi, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma da wuya ka isa tashar Unguwa Uku ko ta Kawo ko ta Jabi ka rasa mai sayar da ita. Dama can jakar gaggawa ce. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice daga Najeriya, 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya suka cusa abin da suka mallaka a irinta suka nufi iyaka. Masu lodi a tasha ma sun fi sonta, saboda tana lanƙwasa, tana shiga lungun but ɗin da akwati ba zai shiga ba, in an ɗora mata buhun masara kuma ba ta cewa uffan.

Amma duk wannan faɗin nata shi ne tarkonta. Mai gaggawa ba ya zaɓe, in ya ga wuri cikawa yake yi. Kala uku za ka saka a tafiyar, sai ka zuba bakwai don kawai jakar ba ta cika ba. Tana cika sai ta zama kayan mutum biyu, ɗaya nan ɗaya can, ko kuma ka nemi ɗan dako. Hannunta ɗinki ne siriri a jikin roba, zif ɗinta kuma shi ne mafi raunin abin da ke jikinta. Yakan ɓalle ne daidai lokacin da ake danna ta da gwiwa ana ja, wato lokacin da babu sauran damar nemo wata. Sa mata kwaɗo kwantar da hankali ne kawai, reza ɗaya ta gama da ita. In da damina ce aka ɗaure ta a saman mota, ruwa ta bakin zif yake bi ya shiga. Ga uwa uba, ba ta da siffa: rigar da aka goge ta shiga a miƙe, za ta fito kamar an kwana a kanta.

Don haka ni ba na kallon Gana-mas-go a matsayin jakar tufafin fita. Jakar bargo ce, da gidan sauro, da kayan yara na wasa a tsakar gida, da kayan abinci busassu. A wannan aikin babu mai ja da ita.

Akwati shi ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin ba iri ɗaya ba ne, kuma bambancin yana fitowa ne a ranar sauri. Akwai mai tauri na roba, wanda ake tsagawa biyu kamar ƙwarya, akwai na yadi mai murfi a sama. A kasuwa na robar ya fi ɗaukar ido, shi ne ake jerawa a lefe, kuma gaskiya ya fi kare abin da zai fashe ko ya jiƙe. Sai dai yana da halin da ba ya yi wa mai gaggawa daɗi. Ba shi da aljihu ko ɗaya a waje. Duk wanda ya haɗa kaya a guje kuwa sai ya tuna wani abu bayan ya rufe: caja, silifas, soson wanka, maganin Hajiya. Da akwatin roba dole ka kwantar da shi a ƙasa, ka buɗe shi gaba ɗaya a ƙofar gida ko a tsakiyar tasha, kowa na kallon kayan cikinka. Na yadi kuwa kana zuge aljihun gaba ka tura abin ka wuce. Wannan aljihu kaɗai ya isa ya sa in ce na yadi ya fi dacewa da tafiyar da ba a shirya ba. Yana kuma ɗan buɗawa in an matsa masa, in aka danne shi a but ya lotsa ya dawo, shi kuwa na roba mai araha tsagewa yake yi daga kusurwa, tsagewar da ba ta ɗinkuwa.

Taya ma abin dubawa ce. Mai taya huɗu da ke juyawa ko ta ina an yi shi ne don tayil ɗin filin jirgi da na otal. Tayoyinsa ƙanana ne, a waje suke tsaye, su ne farkon abin da ke karyewa in ɗan lodi ya wurga shi ko ka ja shi a layin da babu kwalta. Mai taya biyu, wanda tayoyinsa suka shige cikin jikinsa, ya fi jure yashi da tsakuwa da bakin kwata. In gidan da za ka sauka sai an bar titi an shiga lungu, amsar ta fito.

Abin da akwati ke yi wanda sauran biyun ba za su taɓa yi ba shi ne kai manyan kaya lafiya. Babbar rigar shadda da ta sha bugu ko sitati tana zuwa ne da ninkinta, kuma wannan ninkin shi ake so a gani ranar idi ko ranar ɗaurin aure. A shimfiɗe take son kwanciya, a kan abu mai faɗi, ba tare da takalmi ya tokare ta ba. Dabarar nan da ake yawan koyarwa a intanet ta naɗe tufafi kamar tabarma don su ci ƙaramin wuri tana aiki ga singileti da riga mai laushi da zanin gida da kayan yara. Kada ka gwada ta a kan shadda ko leshi mai duwatsu. Hula kuma, musamman wadda aka kai wankin hula ta dawo a tsaye, a zura ɗaya cikin ɗaya, a cika cikinsu da safa ko hankici, a ajiye su a kusurwa. A Gana-mas-go ko jakar goyo hular ta riga ta mutu. Haka ɗankwalin da aka riga aka kafa, da kwalbar humra, da turaren wuta.

Kuɗin wannan kariya nauyi ne. Matsakaicin akwati babu komai a ciki yakan kai kilo uku zuwa biyar. A mota wannan ba komai ba ne, a jirgin sama kuwa daga cikin kilonka ake cire shi.

Sai jakar goyo, wadda manya ke rainawa suna cewa ta 'yan makaranta ce. In tafiyar ta kwana biyu ce ko uku, mutum ɗaya, babu bikin da za a sa manyan kaya, babu abin da ya kai ta. Hannuwanka biyu a sake. Kana hawa acaɓa da ita, kana shiga adaidaita sahu ba tare da ciniki a kan kaya ba, a mota kuma a cinyarka take, ba ruwanka da ɗan kamasho da kuɗin kaya, ba ruwanka da fargabar wani ya sauka a Zariya ya ɗauki taka a madadin tasa. Ƙanƙantarta ma taimako ce ga wanda lokaci ya ƙure wa, domin ita ce ke tilasta maka zaɓe. Kala biyu, jallabiya ɗaya, kayan ciki, buroshi da man goge baki, ta cika, shawara ta ƙare. Wanda zai tafi Yankari ya kwana biyu ya yi iyo a ruwan Wikki, ko saurayin da zai hau Jos da abokai, bai da hujjar jan akwati.

Iyakarta a fili take. Magidanci ya sha babbar riga ya goya jaka, abin bai yi tsari ba, rigar ma ta yamutse. Mace mai goyo kuwa bayanta da mai shi, don haka a wurinta jakar rataye ko ƙaramin akwati ne mafita. Da bazara, a zafin Sakkwato ko Maiduguri, minti kaɗan ya isa bayan rigarka ya jiƙe sharkaf. A cikin cunkoso kuma abin da ke bayanka ba ka ganinsa, sai ka juyo da ita gaba.

To ta yaya za a raba gardama cikin minti biyar? Ka tuna wurin da ya fi wahala a hanyar, ka zaɓi jakar da za ta wuce shi. Ba farkon tafiya ake dubawa ba, wanda galibi a ƙofar gida ake saka kaya a mota. Ana duba inda za ka sauka ka canza mota, inda za ka tsallaka titi da yara, inda kwalta ta ƙare.

In motar gida ce daga ƙofa zuwa ƙofa, duk wadda ka ɗauka daidai ne, sai dai but ya ƙayyade. Jakunkuna masu laushi biyu ko uku sun fi babban akwati ɗaya shiga. In motar haya ce, Sharon ko Golf ko bas, ka sa a ranka cewa za a danne kayanka, a ɗaure su da igiya, wataƙila but ɗin ma a buɗe zai tafi. Babban akwati a nan jawo ciniki yake yi, a lokacin Sallah har a ce sai ka biya masa kujera. Ƙaramin akwatin yadi da Gana-mas-go matsakaiciya sun fi sauƙin sha'ani. In da hunturu ne, ka zura manyan kaya a leda kafin su shiga akwati, domin ƙura ba ta jin zif.

Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fara aiki a 2016 tsakanin Idu da Rigasa, wani lissafin ne daban. Kai za ka bi layi da kayanka, ka ratsa tsakanin kujeru, ka ɗaga su sama inda ake ajiyewa. Jakar da ba za ka iya ɗagawa sama da kanka ba ta yi girma. Nan jakar goyo da ƙaramin akwati suke cin kasuwarsu, Gana-mas-go mai cike kuwa ta zama abin neman afuwa daga kowane fasinja da ka buge.

A jirgin sama ne kuskuren zaɓe ya fi tsada. Kayan da ake shiga da su a hannu yawancin kamfanoni kilo 7 suke yarda da shi, girmansa kuma kusan santimita 55 a tsaye, 40 a faɗi. Wanda ake bayarwa a awo, a tafiyar ƙasashen waje galibi kilo 23 ne kowace jaka, kuma jaka ɗaya ba ta wuce kilo 32 ko da za ka biya. Na cikin gida kowane kamfani da nasa, har tikiti ma wani ya fi wani, don haka ka duba abin da ke rubuce a naka kafin ka fara zuba kaya. Ga wanda ya makara, jakar hannu kaɗai ita ce ceto: ana rufe kantar awo tun kafin lokacin tashi, a jiragen waje galibi awa guda kafin, kuma layin masu kaya ne yake cinye wannan lokacin. In ka sauka ma ba ka tsayawa jiran bel ɗin da ke fito da kayan awo.

Gana-mas-go a nan tana da jaraba, tunda ba ta cin kilo. Amma kamfanin Ethiopian Airlines, wanda da yawa daga cikinmu ke bi zuwa Jidda da Dubai da Chana, ya hana karɓarta daga Najeriya tun Nuwamban 2023 sai in an saka ta a kwali ko wani abu mai tauri, saboda tana maƙalewa a injinan da ke jan kaya. Ko kamfanin da bai hana ba, jakar da aka wurga sau huɗu tsakanin Kano da wata ƙasa ba lallai ta iso da cikinta a rufe ba. Ka je filin jirgi da ita a ce ba za a karɓa ba, sai ka sayi akwati a wurin da tsadar da ba ka shirya mata ba.

Akwai kuma abubuwan da mai sauri ke jefawa a jakar da ba tasu ba. Fawa-banki ba ya shiga kayan awo, a hannu ake riƙe shi, saboda batirinsa na iya kamawa da wuta. Irin mai 20,000mAh da ke hannun kowa bai wuce iyakar da aka yarda da ita ba. Ruwa-ruwa kuwa akasin haka ne: a tafiyar waje, a yawancin filayen jirgi, kwalbar da ta wuce mililita 100 ba ta wucewa a jakar hannu, dokar da ta samo asali tun 2006. Wato humra, da babbar kwalbar turare, da man shafawa, da zuma, wurinsu kayan awo, a ɗaure cikin leda biyu, a tsakiyar tufafi masu laushi. Wanda ya ƙudura tafiya da jakar hannu kaɗai sai ya haƙura da su ko ya ɗura kaɗan a ƙananan kwalabe. Almakashi da reza da wuƙar yankan farce su ma awo. Tsarabar kilishi da dambun nama ba ta shiga Ingila ko ƙasashen Tarayyar Turai, a kwandon shara take ƙarewa. Mai zuwa Umara ya bar goro a gida, Saudiyya ta hana. Magunguna irin su tiramadol da masu kodin kuma sun jefa matafiya a hannun hukuma a Masar da Daular Larabawa, saboda haka duk maganin da likita ya rubuta a tafi da shi a kwalinsa tare da takardar.

Kowace babbar jaka ka zaɓa, akwai wata ƙarama da ba ta cikin gasar, kuma ita ya kamata a fara haɗawa tun kafin a taɓa tufafi: wadda ba ta barin jikinka. Katin shaida ko fasfo, tikiti, katin rigakafin shawara in za a ƙetare iyaka, katin banki da 'yan kuɗi a hannu don ranar da netwok ya ɗauke, waya da caja, tabarau, makullin gida, da maganin da ake sha kullum, na hawan jini ko suga ko asma. Mai jariri ta ƙara famfas da kayan canji ɗaya da abin shansa. Dalilin fara ta shi ne duk abin da ke babbar jaka ana samunsa a kasuwar garin da za ka. Ka manta silifas ko sabulu ko tawul, kuɗinsu nawa ne. Ka manta fasfo, ko ka duba a filin jirgi ka ga saura wata uku ya ƙare alhali ƙasashe da yawa wata shida suke nema, tafiyar ce ta ƙare.

In an tambaye ni zaɓi ɗaya ga iyali masu tafiya gida hutu a motar haya, zan ce matsakaicin akwatin yadi mai taya biyu don kayan fita na kowa, jakar jiki a wurin uwargida ko maigida, yaran da suka tasa kowa ya goya jakarsa ta makaranta da kayansa na yau da kullum a ciki. Wannan na ƙarshe yana rage kaya fiye da yadda ake zato, yana kuma hana a tona akwati gaba ɗaya don neman wandon yaro ɗaya. Gana-mas-go kuma a ninke ta babu komai a shimfiɗa a ƙasan akwatin. Ba a zuwa gida a dawo hannu rabbana. Za a haɗo ku da gero ko shinkafa, da kuka da kuɓewa busasshiya, da daddawa da ƙuli-ƙuli da yaji, wani lokaci har da man shanu a galan, kuma babu ɗaya daga ciki da kake so ya kwana kusa da shaddarka. Ƙazantattun kaya ma a dawowa can za su.

Ga mutum ɗaya mai kwana biyu ko uku, jakar goyo, sai in akwai ɗaurin aure, sannan ƙaramin akwatin da ke shiga jirgi a hannu ya maye gurbinta. Babban akwati na tafiyar mako biyu ne zuwa sama, ko ta jirgi da aka san za a dawo da sayayya, kuma shi ne mafi munin abin da mai gaggawa zai jawo don tafiyar kwana huɗu.

Kafin ka saka ko hankici, ka ja zif ɗin daga farko har ƙarshe ka dawo da shi, ka zaro hannun akwatin ka mayar, ka gangara shi a tsakar ɗaki ka ji ko tayar na nan. Akwatin da ya shekara a saman durowa yakan sauko da zif a cije. Gogen kyandir ko busasshen sabulu a haƙoransa yana sake shi. In na lamba ne, ka tabbatar akwai mai tuna lambar kafin ka rufe. In jirgi za ka hau kuma babu sikelin rataye a gidan, ka hau sikelin awon jiki kai kaɗai, ka sake hawa rungume da akwatin, ka cire na farko daga na biyu. Ka bar kilo ɗaya a matsayin rara, domin sikelin gida da na filin jirgi ba su cika yin baki ɗaya ba.